Goron da Abdulwahid Ya Mayar

Tun da Abdulwahid ya miƙa hannu ya karɓi ƙullin goron nan ya san ya yi ɓarna. Dattawa uku ne suka zo masa takanas daga Kirikasamma, ƙaraminsu ma ya girme shi, suna roƙon a yafe wa ɗansu Rilwanu, wanda ya yanki 'yarsa Bushira a hannu garin ƙwace mata waya a bakin kasuwar kifi. Kunya ta hana shi cewa a'a. Kuma ya san wanda ya karɓi goron sulhu ya gama magana.

Ranar shari'a ma Bushira ce ta dama masa koko da hagu, damanta na naɗe da bandeji, tana tsokanarsa wai ya karkata hula kamar ango. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Iya. Wata biyu ke nan keken ɗinkinta na lulluɓe da zane.

A kotu suka zauna a bencin baya, don ba wanda ya nuna musu wuri. Mai gabatar da ƙara ya tashi ya ce an sasanta, uban yarinya ya yafe, a rufe magana. Ko sunanta bai ambata ba. Alƙali ya ɗauki biro.

Sai Abdulwahid ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, ni na karɓi goro. Amma ba hannuna aka yanka ba. Ga mai hannun nan, ba wanda ya tambaye ta, har ni."

Ya zaro ƙullin daga aljihu, ko kwance shi bai yi ba. Ya durƙusa gaban dattawan da ke zaune a kotun ya ajiye, yana ba su haƙuri. Alƙali ya ajiye biro, ya tambayi Bushira sunanta, ya ce ranar Alhamis za a ji daga bakinta.

Suna fita ta ce, "Baba, ashe kana da murya haka?"

"Rufa min asiri, Iya. Har yanzu ƙafafuna ba su dawo ba."

Ta yi dariya, ta sa hagu ta gyara masa hula. A cikin adaidaita sau biyu yana buɗe baki, yana fasawa. Ko za ta yafe ranar Alhamis, ko ba za ta yafe ba, bai sani ba, kuma bai tambaye ta ba.