Ranar da Mai Ƙararrawa Ya Sauka

Mijina Seabata yana ɗan shekara goma sha tara ya fara sauka ramin zinariya, kwanansa uku kacal da barin duwatsun Lesotho. Aka cusa su cikin kejin ƙarfe mai sauke ma'aikata ƙasa, su arba'in, aka rufe ƙofa. Wanda ke tsaye a bakin rami yana kaɗa wa direban injin ƙararrawa shi ne Mokoteli. Idan akwai sabbin shiga, yana da wani kaɗi da shi da direban kaɗai suka sani, sai a saki kejin kamar igiya ta tsinke. Tsofaffin hannu su yi tsit su kasa kunne. Duk abin da ya kuɓuce daga bakin sabon shiga a wannan faɗuwar, ya zama sunansa ke nan, kuma Mokoteli ne ke raɗa shi idan an fito.

Seabata ya ƙwala ihu, "Mme wee!" Wato wayyo Inna. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ana kiransa Mmewe. Da na aure shi na zama matar Mmewe, 'yarmu Puleng ta sha dambe a makaranta a kan sunan. Shi kuwa, bawan Allah, amsawa yake yi har da murmushi. Ni ce na riƙe abin, kuma na iya riƙo.

Yanzu duk sun bar aiki. Mokoteli ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan rami ta unguwarmu a Khutsong, shi ke jawabi a kowace jana'iza, kuma da sunan rami yake kiran mamaci tun daga farko har ƙarshe. Bara na zauna a coci ina ji yana cewa, "Ɗan'uwanmu Akuya ya tafi," mutane na ƙunshe dariya, matar mamacin na kallon ƙasa. A watan Agusta likita ya ɗaga hoton ƙirjin Seabata, ya ce ƙurar rami ta cinye huhun. Bai faɗi wata nawa ba, amma ni ya kalla lokacin da yake maganar. Tun daga ranar abu ɗaya ke ci mini rai: wannan mutumin zai tsaya a kan akwatin mijina ya ce Mmewe, a yi dariya.

Muna layin karɓar magani na tambayi Seabata, "Wai shi me ya fito daga bakinsa ranar da ya fara sauka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wa? Mokoteli? Ai bai taɓa sauka ba. Kawunsa ne ya sama masa aikin bakin rami."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Kowa ya sani."

"Kuma kuka zuba masa ido shekara da shekaru?"

"Mma Puleng," ya ce, wato Maman Puleng, "mutumin da ƙararrawa ke hannunsa, kullum da asuba shi zai sauke ka, wa zai ɓata masa rai?"

Na adana wannan a raina. Da aka zo maganar fitar ƙarshen shekara, wadda kullum bakin dam muke zuwa maza su gasa nama su yi barci, sai na bi mata gida-gida. Na ce mun gaji da wanke tukunyar tuwon masara a bakin ruwa, a kai mu babban filin wasan nan mai lilo da kayan hawa na birnin Jo'burg, ranar Talata ana yi wa 'yan fansho rangwame. Na taɓa kai jikokina wurin, na san abin da ke tsaye a tsakiyarsa. Mata suka fi maza yawan hannu, magana ta ƙare.

A cikin bas Mokoteli ya karɓi lasifikar direba, da kwat da malafa, yana ba mu labarin cewa jiya nas ta auna jininsa ta ce kamar na saurayi. Na ce, "Madalla, Ntate," wato Baba, yadda muke kiran manyan maza, "Allah ya ƙara lafiya." Har cikin raina nake nufi, don lafiyayye nake son sa ranar.

Mun shiga ƙofa muna ɗari-ɗari, tsofaffi talatin cikin riguna iri ɗaya, kowa na cewa shi kallo kawai ya zo yi. Ba a yi rabin awa ba kunya ta kama gabanta. Mme Lineo, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ta shiga 'yan motocin nan na karo, ta ƙyale kowa ta bi mijinta kawai, tana dukan motarsa tana cewa, "Wannan na ranar bikin ƙanwata ne!" Ntate Phafoli, dattijon coci, ya zauna aka zana masa fuskar damisa, ya riƙa yi wa mata gurnani. Seabata ya hau dokin katako mai zagayawa da bargonsa a kafaɗa, ya miƙe baya, ya riƙe linzamin roba yadda ake riƙe na gaske a garinsu, duk zagayen da zai yi sai ya ɗaga mini hula. Ni da na zo da aiki a gabana, aka ja ni cikin wani kwalekwale da ya gangaro ya jiƙa ni sharkaf, na ji wata mata tana ƙyaƙyata dariya, ashe ni ce.

Mokoteli fa? Yana kan benci, jakunkunan mata jibge a gefensa.

"Ku je, yara, ku yi wasanku," in ji shi. "Dole a samu babba ɗaya mai kula da kaya."

Bayan mun ci fanke da askirim na ce a zo a ga hasumiya. Dogon ƙarfe ne da kujeru kewaye da shi. A ɗaure mutane, a ja su sama a hankali har su zama ƙanana, a bar su a rataye, sannan a kaɗa ƙararrawa a sake su. Da mazan suka ji ƙararrawar nan sai suka daina taunar abin da ke bakinsu. Suka kalli juna.

"Kai," in ji Ntate Phafoli, "wannan ai keji ne aka kifa."

Na ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji. "To ai ga gwaninta nan muna tare da shi. Ntate shugaba, kai da ka sauke mutum dubu goma, zo ka nuna wa mata yadda ake yi."

"Mme, wannan wasan yara ne."

"Shi ya sa ba zai ba ka wahala ba."

"Akwai 'yar matsalar hawan jini..."

"A'a!" in ji Mme Lineo. "Jinin saurayin? Ko nas ɗin ce ta yi ƙarya?"

"Kayan mutane fa?"

"Kawo nan," in ji matarsa da kanta, ta janye jakunkunan. Ban san me ya yi mata ba, amma na gode mata.

Sai mazan suka fara buga ƙafa a ƙasa, a hankali, irin bugun da suke yi da takalman roba idan suna jiran keji. Mutum goma sha biyu, tsofaffi, wasu da sanda. Ba wanda ya haɗa baki da su, ni ma ban sa ran haka ba. Mokoteli ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya bai ga mai ceto ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Seabata ya ajiye bargonsa ya miƙe.

"Ina za ka?" na ce. "Da wannan ƙirjin?"

"Sabon shiga ba ya sauka shi kaɗai, Mma Puleng. Doka ce." Ya juya wajen Mokoteli. "Taho, Ntate. Ka zauna kusa da ni."

Na haƙa wa wani rami ga shi mijina zai shiga da huhun da bai kai rabi ba. Na so in ce a fasa, na ga yadda idonsa ke ƙyalli, na haɗiye. Na bi su, muka sa Mokoteli a tsakiya, ma'aikaciyar wurin ta karɓi malafarsa ta danna mana ƙarfe a kafaɗa.

Muka fara hawa. Rufin rumfuna ya koma ƙasa, bas ɗinmu ya zama ɗan akwati, tsaunukan ƙasar da aka tono daga ramuka suka bayyana rawaya har iyakar gani. Ni ma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na ji numfashin Mokoteli yana fita guntu-guntu, na ga gumi na bin wuyan rigarsa, sai tsorona ya yi sauƙi. Muka tsaya cak a sama, ƙafafu na reto.

Na karkata na ce masa a kunne, "Ntate, yau ƙararrawar a hannun wa take?"

Aka kaɗa.

Ban san yadda zan kwatanta faɗuwar ba, hanjina dai ya rage a sama. Abin da na sani shi ne muryar da ta tashi a gefena, wadda ta rufe kiɗan wurin gaba ɗaya:

"Na tuba! Na tuba! Wayyo na tuba!"

Har kujerun suka tsaya yana faɗa. Aka ɗage ƙarfe, muka sauko. Mazan nan na tsaye a bakin shinge, sun yi tsit kamar yadda aka saba. Ntate Phafoli ya matso da fuskarsa ta damisa, ya cire hula, ya ce cikin ladabi, "Barka da fitowa, Na-Tuba." Wurin ya kece da dariya. Mme Lineo ta rangaɗa guɗa har wasu Turawa suka tsaya ɗaukar ta a waya.

Ni ina wajen Seabata. Tari ya turnuƙe shi, ya durƙusa, na riƙe shi ina jin ƙasusuwan bayansa, ina zagin kaina a zuci. Da ya samu numfashi ya ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ashe rabin tarin dariya ce.

"Mma Puleng," ya ce, "wannan ko rabin namu bai kai ba. A sake?"

"Ka sake ka ga yadda zan yi da kai."

A rumfar fita suna nuna hoton kowa daidai lokacin faɗuwa. Na saya. Ga Mokoteli baki wage, ido a waje, ya cafki hannun mijina da hannu biyu. Ga Seabata, ɗaya hannun a sama, haƙora duk a waje, fuskar da ban taɓa gani ba a shekarun aurenmu. Na daɗe ina kallon wannan ɓangaren kafin na sa hoton a jaka.

Da la'asar muka kama hanyar gida. Mun wuce Soweto ke nan sai ga Mokoteli ya lallaɓo, ya tsuguna kusa da kujerata, malafa a hannu.

"Mme, hoton nan. Kada ya shiga wayoyin mata, don Allah. Ina da surukai."

"Ni ma ina da su, Ntate, shekara goma suna jin ana kiran mijina Mmewe."

"Wasa ne na wurin aiki."

"To wasan ya ƙare. Ka tashi ka karɓi lasifikar nan da kake so, ka kira mijina da sunan da uwarsa ta raɗa masa, kowa ya ji. Ka kuma yi alkawari da shi za ka kira shi ko'ina, har inda ka sani."

Ya miƙe da sauri, yana ganin ya samu da arha. Ya karɓi lasifika, ya yi gyaran murya.

"'Yan'uwa, daga yau ɗan'uwanmu, wato Ntate... Ntate..."

Ya tsaya. Na ɗauka taurin kai ne, har na fara zuge jaka. Sai na ga idonsa na yawo, yana neman taimako. Ya dubi Phafoli, Phafoli ya sunkuyar da kai. Ya dubi na bayansa, shi ma ya kama kallon takalminsa. Mutanen da suka yi shekara talatin suna haƙa dutse kafaɗa da kafaɗa da shi, suka ci a tukunyata, babu ko ɗaya da ya san sunan. Na shirya wa gardama, na shirya wa zagi, wannan kam ban shirya masa ba. Daɗin da na kwaso a hasumiya duk ya zube.

Seabata ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Seabata ne, Ntate," ya ce a hankali. "Seabata Rantho."

"Ntate Seabata Rantho," in ji Mokoteli.

"Ban ji ba," na ce.

Ya sake.

"Na bayan mota ba su ji ba. Ku ma da kuka sunkuyar da kai, bakinku ciwo yake?"

Suka faɗa, su duka, sau uku, har direba.

Mokoteli ya dawo ya miƙo hannu. Na zuge jakata na rufe, na ɗora hannu a kai.

"Za ka samu," na ce, "ranar da ka tsaya a coci ka faɗe shi daga farko har ƙarshe ba ka yi tuntuɓe ba. Idan ka kuskure, a bayan takardar jana'izar za a buga shi."

Sai da maganar ta fita na tuna wanda ke zaune a gefena. Mokoteli ya koma kujerarsa. Mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin Seabata ya gyara bargonsa ya matso.

"Kada ki gaggauta masa, Mma Puleng," ya ce. "Ni ban shirya ba tukuna."

Na juya fuskata wajen taga, don ba zan bari Na-Tuba ya ga hawayena ba.