Daƙiƙa Biyar

Mutum ɗari huɗu kacal likitoci za su cire wa yanar ido kyauta, kuma ta intanet za a yi rijista, ranar Litinin ƙarfe takwas na safe. Tusekile ce ke kula da sabar shafin a ofishinsu na Lilongwe, wata tsohuwar na'ura da ko mutum dubu suka shigo tare sai ta shaƙe.

Bara haka ta faɗi warwas, suka sha zagi a rediyo. Bana Tusekile ta samo dabara: duk layin da ya buɗe ya yi shiru na daƙiƙa biyar, saba ta katse shi ta ba na baya wuri.

Ranar Litinin mutum dubu goma sha ɗaya suka danno lokaci guda, saba ko gezau. Kafin tara guraben sun ƙare.

"Ke 'yar Karonga, ashe ba cin kifi kaɗai kika iya ba!" in ji shugabanta Kondowe, yana tafi. "Yau kazar rana a wuyana take."

Ta yi dariya, ta buɗe jerin waɗanda suka samu. Lilongwe, Blantyre, Zomba, Lilongwe. Kusan duk 'yan birni ne, mutanen ƙauye ba su kai ashirin ba. Layin ƙauye jan ciki yake yi kullum, saba kuwa ta ɗauke shi shiru ta yi ta yankewa. Ita da ta girma a wani ƙauyen Karonga, ta fi kowa sanin haka, amma ta manta.

Wayarta ta yi ƙara. Babanta ne, tsohon malamin firamare, wanda yanar ido ta rufe masa na hagu tana neman na dama. Tun jiya ta so ta sa sunansa, ya ƙi, wai 'yar gida ba ta tsallake layi.

"Baba, ka samu?"

"Ina fa, uwata. Tun bakwai nake kan surin bayan coci, inda waya ke kamawa. Sau goma sha tara ina cikawa, da na danna sai ya mai da ni farko."



"Kada ki damu, abin naku lafiyarsa lau," ya ci gaba. "Ɗan maƙwabcinmu da ke birni nan take ya samar wa uwarsa. Ni ne na tsufa, hannu ba sauri." Ya ɗan yi dariya. "Baɗi sai ki koya mini da wuri, in har ina ganin allon."