Waya a Aljihun Matarsa

Da kamfani ya ce a mayar da manhajar motsa jiki daga shafin intanet zuwa waya, Injiniya aka ba aikin. Saura gwaji kawai: wani ya wuni da wayar a jikinsa ta auna motsinsa. Shi kuwa ko matakalar ofis haki take sa shi.

Ranar hutu ya jefa wayar a aljihun matarsa. "Riƙe min. Ke ma kya ɗan motsa, kullum kina gida a zaune."

Ta ci gaba da aikinta. Ya miƙe kan doguwar kujera yana jiyo ta sama-sama: ta ja bokiti, ta yi shanya, ta ciccibi mahaifiyarsa zuwa banɗaki, ta dawo da ita gado.

Da yamma ta ajiye masa wayar gefen abinci. A allon ga saƙon da shi ya rubuta domin masu wuce gona da iri: "Yau an wahalar da jiki. A huta."

"Me ta ce?" ta tambaya.

Ya kife wayar, idonsa cikin kwano. "Da sauran gyara."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka.