Layin Wuya

A firamarenmu, can ƙauyenmu na bayan Sabuwa, ba a gama zane sai an yanke masa wuya. Ka zana akuya, ka ja mata layi a maƙogwaro. Ka zana zakara ko mutum, haka za ka yi. An gaya mana abin da aka raba kansa da gangar jikinsa ba mai rai ba ne, don haka ba za a ce ka hura masa rai ranar lahira ba. Ni kuwa ba wanda ya kai ni ƙwazo a wannan aiki. Har kifi na taɓa yi wa, bayan na sha wahalar neman inda wuyansa yake.

Da wannan hannun na shiga kwalejin ilimi, sashen zane-zane. Na je ina hura hanci, don a unguwarmu ni ce gwanar zanen lalle. Malaminmu, Malam Harisu, wani siriri mai tabarau wanda baƙin gawayi ba ya barin farcensa, shi ya sauke mani girman kai tun makon farko. Da'ira ya sa mu yi ta zanawa, sai miƙaƙƙen layi ba rula, sannan ya ɗora ƙwai ɗaya bisa tebur ya ce mu nemo inda haske ya ƙare inuwa ta fara. Ƙwai fa. Na baro Kankara, inda nake zaune a lokacin, na sha jijjigar mota har ƙuguna ya sage, don in zo in zauna ina kallon ƙwai. Haushi kamar in fasa shi a soya.

Amma ƙwan nan ya koya mani kallo. Na iya miƙa hannu, in rufe ido ɗaya, in auna abu da tsinin fensir. Na gane idanun mutum a tsakiyar kansa suke, ba can sama kusa da hula ba inda na saba liƙa su. Kuma Malam yana da magana ɗaya da ya maimaita har muka haddace: kowane layi ka san aikin da ka ɗauko shi ya yi, wanda ba ya aiki ka goge shi. Batun yanke wuya kuwa bai taɓa jayayya da kowa ba. Ya ce malaman addini sun yi magana, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, kowa ya tambayi wanda ya yarda da shi. Rabin ajin suna jan layin, ni ma ina ja.

Da za mu tafi hutu ya ba mu aiki: fuskar wani da muka sani sosai, da gawayi, a babban kwali, a kawo in an dawo. Kowa ya buɗe wayarsa yana zaɓen hoto. Ni wanda nake so in zana ba shi da hoto ko ɗaya a duniya.

Babana ne. A gonar dawa 'yan bindiga suka same shi, shekarar da suka tashe mu daga ƙauye. Ba harbinsa suka yi ba, wuƙa suka sa masa a wuya. Wayar da ke da hotunansa da katinsa na zaɓe duk sun ƙone tare da ɗakinsa da suka cinna wa wuta. Inna ta koma wurin danginta a Faskari, ni kuma Goggo, yayar Baba, ta riƙe ni a gidanta na Kankara. Goggon ce ta fara isa gonar ranar, don ta zo mana ziyara ƙauye a lokacin, ita ta kwance mayafinta ta rufe shi kafin maza su iso, kuma tun daga nan ba ta ƙara ambatar sunansa ba.

A gindin darbejiyar tsakar gida na jingina katakon zanena, kullum da hantsi in haske ya yi kyau. Na fara da ƙwai, kamar yadda aka koya mani. Na sa idanu a tsakiya, na fito da faffaɗan hancinsa, na bar farin takarda ya zama furfurar gemunsa. Na goge, na sake, har kilinata ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Fuskar ta fito, kowa ya gani zai ce ɗan gidanmu ne. Amma ba Baba ba ne. Wani abu ya rage, na yi tunanin duniya na rasa ko mene ne, kuma hakan ya fi komai ci mani rai. Ashe har na fara mance fuskar ubana.

Goggo daddawa take yi, kuma daga inda take zama bayan katakon kawai take gani. Ba ta taɓa zagayowa ba. Wata safiya tana tsakiyar kirɓa kalwa ta tsaya, ta dogara da taɓarya.

"Ke Shafa'atu, mi kike ta gurza tun ran da kika zo?"

"Mutum ne, Goggo."

"Kin yanke mashi wuya?"

"A'a."

"To yanke. Ba a aje mani abin da za shi hana mala'iku shigowa gidan ga."

Na ce mata aikin makaranta ne. Ta ce makarantar ba ita za ta kwanta mata kabari ba. Ta ba ni zaɓi biyu, ko layi ko murhu, kuma kafin azahar. Wanda ya san Goggo ya san ba ta faɗin abu sau biyu.

Wallahi na gwada. Ban ce na fi malamai sani ba, kuma tsoron Allah bai bar ni ba. Na ɗauki gawayin na kai shi daidai inda na saba kaiwa tun ina 'yar firamare, ƙasan gemu, saman wuyan riga. Hannun da ya yanka akuya da zakara da kifi ba gardama, yau ya ƙi. Sai na ji wani zafi ya taso mani tun daga ciki, ba na kuka ba, na fushi. Na ajiye hannuna bisa cinya na zauna jiran azahar.

Ba ta ma bari an kira salla ba. Ta wanke hannu, ta nufo ni da rubushin wuta a bakin kara.

"Kin ja?"

"Ban ja ba, kuma ba ni ja."

Na miƙe na tsaya gaban katakon. Ban taɓa kallon Goggo ido cikin ido ba sai ranar.

"Baba ne," na ce. "Sun yanka shi sau ɗaya. Ni ba ni yin na biyu, kuma ba a yin shi gabana. In gidan ga bai ɗaukar shi da wuyanshi, sai mu fita tare, ko gindin gada ne mu kwana."

Karan ya faɗi ƙasa. Na ɗauka marina za ta yi, har na shirya kuncina. Sai kawai ta fizge gawayin daga hannuna.

"In ke ba ki iyawa, ni na iya. Matsa."

Ban matsa ba. Amma hannun da ya shekara arba'in yana kirɓa kalwa ba ya neman izinin 'yar kwaleji. Ta ture ni gefe kamar labule, ta tsaya gaban zanen, karo na farko tana ganinsa.

Ta ƙura masa ido. Ina ganin gawayin a yatsunta ya tashi ya kai daidai wuya. Na yunƙura zan kama mata hannu, ko da kuwa za a ce na yi wa uwa rashin kunya har ƙarshen rayuwata. Sai na ga hannun ya wuce wuyan, ya wuce gemu.

"Wanga ba Barau ba ne," ta ce. "Barau shina da bille. Ni na riƙe mashi ƙafa ran suna, wanzami na yi mashi, shina ta tsala ihu kamar ɗan akuya."

Ta ɗora gawayin a gefen karan hanci, ta ja shi a karkace zuwa kuncin hagu. Layi mai kauri, mai rawa, irin na wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Tsagar nan ta daɗe da dushewa cikin tamojin fuskarsa, na gan ta kullum har na daina ganinta. Tana ɗage hannu, sai ga Baba yana kallonmu, kamar zai tambayi ko an ba awaki ruwa.

Nan na durƙushe na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta saka mani gawayin a tafin hannu, ta take rubushin da takalminta har ya mutu.

"Kai shi zaure," ta ce. "Ba shi kwana ɗakin da nike salla."

Ba ta ƙara maganar wuya ba, ni ma ban tuna mata ba. Sai dai duk sauran hutun, ita da ba ta zuwa zaure sai da dalili, kullum sai ta sami abin da za ta ɗauko a can.

Da muka koma kwaleji, Malam Harisu ya gyara tabarau ya daɗe yana duba aikin. Ya yaba inuwar, ya yaba gemun, sannan ya sa yatsa kusa da billen.

"Wannan layin ya yi nauyi, ya rinjayi fuskar. Ɗan sassauta shi da kilina, in ba ki cikakken maki."

"Malam, wannan ba a taɓa shi."

Ya ce to zai rage mani maki. Na ce ya rage. Ya kuwa rage, kuma ban ga laifinsa ba, don a ƙa'idarsa gaskiya ya faɗa. Na naɗe kwalina na mayar da shi Kankara. Yana nan a zauren Goggo, billen yadda ta ja shi, wuyan kuma ba abin da ya taɓa shi.