Motar da Baba Ya Zaɓa

Ranar Asabar da hantsi ɗansa ya kira shi a waya, ya ce zai sayi mota, kuma ba zai saya ba sai Baba ya sa baki. Irin gajerun motocin nan ne masu ƙofa biyu, masu gudun tsiya, waɗanda cikinsu ke kusan shafar kwalta. Iri biyu ake yinta, jiki ɗaya, fuska ɗaya, amma ɗaya fetur take sha, ɗaya dizal. Ya ce Asabar mai zuwa zai zo ya ɗauke shi su je wurin masu sayarwa.

Tsohon ya ajiye wayar a hannun kujera, ya daɗe yana kallonta. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran injin manyan motoci, har direbobin tirela suka sa masa suna Mai Kunne, don yakan kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya gaya maka nozul na nawa ne, cikin masu fesa wa inji mai, ba shi da lafiya. Da wannan kunnen ya ɗauki nauyin karatun yaron har ya zama likitan ido. Amma tun da yaron ya fara sa farar riga, bai ƙara tambayar uban komai ba sai ko ya sha maganin hawan jini. Gidan da ya saya, sai da fenti ya bushe Baba ya gani. Asibitin da ya koma aiki, a bakin maƙwabta ya ji.

Matarsa tana ninke wanki ta ce ita ba ta ga abin zurfafa tunani ba. Kowa ya san amsar da zai bayar, mutumin da ko sau uku aka wanke rigarsa sai ta yi warin dizal. Shi a aikinsa bai taɓa yanke wa inji hukunci ba sai ya san hanyar da zai bi. A da, in mai motoci ya zo neman shawara, sai ya tsare shi da tambaya: ina za ta riƙa zuwa, me za ta ɗauka, wane irin mahaukaci ne zai riƙe sitiyarin. Yanzu da ya duba, sai ya ga bai san hanyar da ɗan cikinsa yake bi zuwa aiki ba.

Ranar Litinin ya yi sammako, ya hau bas biyu, ya tsaya a gindin wata bishiya nesa kaɗan da ƙofar gidan likitan. Bai shiga ba. Da tsohuwar motar yaron ta fito, sai ya tsayar da tasi ya ce a bi ta. Direban ya kalle shi ta madubi, ya tambaye shi ko shi ɗan sandan ciki ne da ya manta bai yi ritaya ba. Tsohon ya ce ya dai tuƙa. Idonsa ɗaya na kan agogo, ɗaya na kan hannun direban. Kilomita shida ce tafiyar, danja tara, minti hamsin, kuma ko sau ɗaya giya ba ta wuce ta uku ba. Ya sake bi ranar Talata don kada ya zalunci Litinin. Ranar Laraba da yamma ya bi hanyar dawowa, ya tarar ta fi ta safe muni.

Ranar Alhamis ya je garejin wani tsohon abokin aikinsa, mai gyaran wayar mota, wanda ya koyi duba sababbin motoci da na'ura. Abokin ya yi masa tsiya son ransa, wai yau Mai Kunne ne ya zo aron kunne. Sannan ya jawo wani ƙarfe mai kama da tulu daga ƙarƙashin benci, wanda aka yanke daga salansar wata ƙaramar motar dizal. Ya ce matatar hayaƙi ce, duk sababbin suna da ita. Tana tara baƙin hayaƙi, kuma ba ta ƙone shi sai motar ta yi doguwar tafiya inji ya yi zafi sosai. In kullum daga danja sai danja, toshewa take yi, fitila ta kama a gaban direba, motar ta koma tafiya kamar mai ciwon baya. Tsohon ya tura yatsa ciki, ya fito da shi baƙi ƙirin. Ya yi tambayoyi irin na ɗan koyo, yana jin nauyin kowace ɗaya, amma ya yi su duka.

A bas ɗin komawa gida ya yanke shawara, kuma ba ta yi masa daɗi ba. Dizal ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya aurar masa da 'ya'ya mata biyu. Amma dizal ɗan doguwar hanya ne, yaron kuwa ba ya zuwa ko'ina. Ta fetur ce motarsa. Ya kwana biyu yana juya yadda zai faɗa, a taƙaice, da dalili, yadda likita zai ji ya san cewa ba da ka aka yi maganar ba.

Wurin sayarwar duk gilashi ne, ga sanyin na'ura, ga daɓe yana sheƙi har ya sa shi duba takalminsa. Motocin biyu na tsaye gefe da gefe, ja da baƙa. Mai sayarwa, wani mai ƙamshin turare da murmushin da ba ya gajiya, ya ce ja ita ce ta fetur, baƙa ta dizal, kuma yallaɓai likita ya ba su labarin Baba tun tuni.

Tsohon ya fara dafa bonet ɗin kowacce da tafin hannu, ya tabbatar ba a ɗumama su kafin zuwansa ba. Ya sa aka tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zaro sukudireba daga aljihu, murmushin mai sayarwa ya ɗan rage, ya ce ai injinan yanzu a rufe suke da roba. Likitan kuwa dariya ya yi, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Tsohon ya nemi inda ƙarfe ya leƙo, ya kafa, ya rufe ido. Injin dizal ɗin lafiyayye ne, bugunsa daidai, mai nauyi, irin wanda zai kai ka ƙarshen duniya ya dawo da kai. Ya saurare shi fiye da yadda ake bukata. Sannan ya miƙe, ya goge hannu da hankici.

"Ta fetur za ka saya," in ji shi.

Mai sayarwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe Baba akwai barkwanci. Likitan ya sauke wayar. Ya dubi fuskar uban, ya ga babu wasa a cikinta.

"Baba, ai na riga na saya. Baƙar. Tun ranar Laraba."

"Laraba."

"Na san abin da za ka ce, shi ya sa na rage mana wahala. So na yi ka zo ka nuna ta da hannunka, sai in miƙa maka makulli."

Tsohon ya yi bayaninsa duk da haka, don ya riga ya shirya shi kuma ba shi da inda zai kai shi. Ya faɗi kilomita shida, danja tara, minti hamsin, ya faɗi matatar da ke toshewa. Likitan ya tambaye shi a ina ya samo waɗannan lambobi. Da ya ji cewa bin sa aka yi a tasi har kwana uku, sai kunya ta kama shi, ya saci kallon mai sayarwa, ya rage murya. Ya ce haba Baba, da girmanka, me mutane za su ce in sun gan ka a gindin bishiya a ƙofar gidana, ai da ka tambaye ni.

"Da kai ma ka tambaye ni," in ji tsohon.

"Ni fa jar nake so tun farko," likitan ya ce. "Wata uku ina zuwa ina kallonta. Saboda kai na haƙura."

Mai sayarwa ya shiga tsakani da sauri. Ya ce takardu sun fita da sunan yallaɓai, lamba ma tana cikin but, ɗaurawa kawai ta rage, don haka a wurinsu baƙar ta zama ta hannu. Amma abin mai sauƙi ne, in yallaɓai zai riƙa fita bayan gari duk ƙarshen mako ya sake mata totur na awa ɗaya. Likitan ya ce zai riƙa yi. Tsohon ya san yaron ko ranar suna a gidan ƙanwarsa bai iya zaman awa ɗaya ba, amma sai ya mayar da sukudireba aljihu.

Aka ɗaura lamba. Tsohon ya sunkuya ya shiga, ya ji kamar a ƙasa ya zauna. Ba su yi nisa ba wayar likitan ta yi ƙara, muryar matarsa ta cika motar ta lasifika, tana tambaya wacce aka ɗauko. Likitan ya ce baƙar, ta dizal, Baba ne ya zaɓa. Ta yi dariya ta ce ai dama, wa zai kai Baba wurin mota ya dawo da fetur. Ta ce ita hankalinta ya kwanta, tunda masani ne ya zaɓa, ranar da ta ba su matsala sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

"Baba, kuna ji na? Ku ne kuka zaɓa mana ko?"

Likitan bai juyo ba. Hannayensa biyu na kan sitiyari, ya riƙe shi tamau, kunnuwansa na jiran amsa. Tsohon ya ƙiyasta a ransa: wata takwas, in an yi sa'a goma, fitilar za ta kama, kuma a gidan nan har jikoki za su san wanda ya zaɓi motar.

"Ni ne, 'yata," ya ce. "Allah ya sa a kashe lafiya."