Goggo a Gadar Igiya

Goggo ta yi shekara talatin tana aikin ungozoma a ƙauyuka kafin ta yi ritaya, don haka da ɗiyar ƙanenta, wadda ake kira Auta, ta zo da takarda mai hotuna tana cewa za ta kai ta yawon buɗe ido na kasada, sai ta gyara tabarau ta ce, "Kasadar me?"

"Hawan dutse, Goggo, da ƙetare rafi a kan gadar igiya."

Ta bi ta ne kawai don kada a ce ta gwasale yarinya.

A gindin dutsen jagora ya tara su, su tara, ya ɗaura wa kowa ɗamara, ya kifa masa hular kwano. Goggo ta leƙa rafin. Ruwan ko gwiwa bai kai ba. Ta tuna daminar da ta ratsa kogi har wuya, akwatin aiki a ka, mai naƙuda na jira a ƙetare, ba wanda ya ɗauke ta hoto. Ta ja tsaki.

Wani ƙato mai kyamara ne ya fara hawa gadar. Yana kaiwa tsakiya gadar ta yi lilo, ya rungume igiya yana kiran uwarsa. Goggo ta tuɓe takalmi, ta tattare zane, ta ratsa ruwan ta ƙarƙashinsa, har da yi masa sannu.

"Baba, an hana!" in ji jagora. "Dokar kamfani ce."

"To, ɗana, zo ka mayar da ni."

Da suka zauna hutawa, jagora ya ce kowa ya faɗi abin da kasada take nufi a wurinsa. Mai kyamara, muryarsa ba ta gama dawowa ba, ya ce shi yau ya gano kansa.

"Da ma ɓata ka yi?" in ji Goggo. Auta ta sunkuyar da kai, Goggo kuwa ta ci gaba. "Ni dai abin da na gani, wahala ce aka wanke, aka goge, aka ɗaura mata igiya don kada ta ji wa kowa ciwo. Ta gaske ba ta tambayarka ko ka shirya."

Suka tashi suka kama hawa.

Ba a yi rabin hanya ba gwiwar Goggo ta ƙi. Ta lallaɓa ta, ta zage ta, ta dafa kafaɗar Auta, duk a banza. Dole ta zauna a kan wani falalen dutse, sauran suka jibge jakunkunansu kusa da ita suka wuce. Mai kyamara ma ya wuce, yana haki, ya ce, "Sannu, Baba, a huta."

Wannan sannun ta fi gwiwar ciwo. Ta zauna tana gadin kayan mutane kusan awa biyu, tana jiyo ihunsu daga sama. Da Auta ta sauko tana ba ta labarin yadda gari yake daga can, Goggo ta ce ba ta tambaya ba. Sai a mota ta karɓi wayar Auta ta duba hotunan da ta ɗauko ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan na ƙarshe.