Inda Yarima Ya Sa Hannu

Ruwan da aka yi a farkon Yuni bai tsaya yin sallama ba. Babbar gotar nan, magudanar ruwan da ta raba unguwannin Nima da Maamobi, ta cika ta tumbatsa, ta shigo mana gida da duk abin da mutanen gari suka zubar mata tun bara: ledar ruwa, tsummoki, takalmi wari guda, har da mushen kaza. Gidan hayarmu a gangare yake, ɗakin mahaifina kuma shi ne na ƙarshe a gangaren. Da ruwan ya janye sai ya bar mana baƙin taɓo har gwiwa, mai warin da ke hana mutum haɗiye yawu.

Ni ce Mulikatu mai koko da ƙosai a bakin titi, kowa ya san ni da rashin ɓoye abin da ke cikina. Baba kuwa tsoho ne, ƙafafunsa sun daɗe da daina ɗaukarsa. Samari suka sungume shi a kujera suka kai shi wani aji na Islamiyyar unguwa, aka haɗa benci aka shimfiɗa masa tabarma. Malamin ya ce ba komai, amma ranar Litinin yara za su dawo karatu. Yayana Rauf ya kira daga Kasoa, can nesa da mu inda yake zaune, ya yanke hukunci irin nasa: in Litinin ta yi ɗakin bai gyaru ba, zai zo ya tafi da Baba gidansa, magana ta ƙare.

Tun da Baba ya zo daga Ƙonni yana saurayi a ɗakin nan yake. Tagarsa tana kallon hanyar masallaci, bayan La'asar tsofaffin abokansa sukan tsaya a wajen su yi ta musu da shi. A Kasoa kuwa Rauf da matarsa da asuba suke fita, su kulle get, sai dare. Baba ya kama hannuna ya ce, "Muli, kada ki bari a kai ni inda ba mai yi mini sallama." Na ce masa in Allah ya yarda a ɗakinsa zai kwana ranar Litinin.

Kuma saura kaɗan in cika alkawari. Wasiu mai walda ya tara samarin layi, suna bin gida-gida da shebur da baro. Ranar Asabar da safe layi ya zo kaina. Sun cire ƙofa, sun fara kwasa, ina soya musu ƙosai, sai ga wasu mutum biyu da kyamara sun shigo suna leƙa ɗakuna kamar masu neman haya. Suka duba na maƙwabta suka wuce. Da suka leƙa na Baba sai ɗayan ya yi murmushi. Ban taɓa ganin wanda ya ga masifar wani ya ji daɗi a fili haka ba.

"Akwai tsoho a gidan?" in ji shi. Aka ce akwai. Ya ce, "Yawwa, nan ne."

Ashe Yarima Izzuddeen ne zai zo, ɗan Sarkin unguwarmu, wanda ya dawo daga waje shekarun baya. Ba wanda bai san Sarki ya tsufa ba, ba wanda kuma bai san ƙanen Sarki ma yana da ido a kan rawanin ba. Tun da aka fara wannan raɗe-raɗin Yarima ya zama mai son jama'a. Suna, biki, jana'iza, wasan ƙwallo, duk yana nan, masu kyamara na biye da shi.

Ya iso cikin farin takalmin ruwa sabo fil, ko takardar kuɗin ba a cire ba. Kowa ya saki abin da ke hannunsa. Samarin Wasiu suka jingine shebur suka durƙusa a cikin taɓo, daga nan kuma suka zaro wayoyi. Aka miƙa wa Yarima nasa shebur ɗin da suka zo da shi a mota.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ya yi aikin. Ya shiga ɗakin, warin ya buge shi har ya yi kakarin amai, amma bai fita ba. Mai kyamara ya ce ya isa, shi kuwa ya ci gaba har ya cika baro, gumi ya jiƙa masa riga. Na tsaya ina kallonsa ina tambayar kaina ko zalunci nake yi masa a zuciya. Sai na ga ana juya shi wajen haske, ana ce masa ya ƙara ɗaga shebur ɗin sama, sai zuciyata ta koma inda take.

Daga nan aka ɗunguma Islamiyya. Yarima ya tsuguna gaban Baba, ya riƙe hannunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Baba, ɗakinka yana hannuna. Gidanmu ya ɗauki nauyinsa." Mata suka rangaɗa guɗa. Baba ya yi ta zubar da hawaye yana sa albarka. Aka sauke buhun shinkafa da katifa mai hoton Yarima a jikin ledar, aka ɗauki hoto, motoci suka tashi. Har shebur ɗin ma da shi suka tafi.

Na koma gida na tarar Wasiu yana tura baronsa zuwa gidan gaba.

"Wasiu, ina zuwa? Ai ko rabi ba a yi ba."

Ya sosa ƙeya, ya amsa da Hausar samarin unguwa da ba ta raba mace da namiji. "Sista Muli, sori fa. Ka ji da kunnenka. Yarima ya sa hannu."

"To sai me? Hannun nasa ya kwashe taɓon?"

"Cale, aboki, kar ka sa ni a wahala. In mun taɓa yanzu, mun ce palas, gidan Sarki guda, ya kasa ke nan. Shagona ma a filinsu yake. Za su turo mutane, ka yi haƙuri kaɗan."

Haka abin yake a zangonmu, kuma na sani tun ina yarinya, sai dai bai taɓa faɗo mini a ka ba. Abin da gidan sarauta ya ce ya ɗauka, talaka ba ya ƙara hannu a kai sai an kira shi. In ka yi, ka nuna wa duniya Sarki ya gaza. Ba a rubuta ba, ba a shela, amma ko yaron goye ya sani.

Kafin Azahar bidiyon ya zaga kowace waya. A bakin famfo mata sun rabu biyu. Wasu na cewa wane ɗan sarki ne zai shiga irin wannan ƙazantar, Allah ya ba shi rawani. Wasu na taɓe baki suna cewa duk talla ce, wa ya taɓa yin sadaka da mai kyamara. Na ji daɗin na biyun, na ce to ku zo mu kwashe. Nan take kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Sun yarda Yarima wasa yake yi, amma ba wadda za ta fara ɗaukar bokiti a gan ta.

Hajiya Safara'u, shugabar ƙungiyar matanmu, tana rabon sabulu da maganin wanke ɗaki, ta zo ƙofata ta tsallake. Da na yi magana ta ce, "Ai ke Muli kin haye, palas ne a bayanki. Bar wa marasa gata." Har da 'yar harara, wai ni ake yi wa hassada. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na jira har yamma, ba wanda ya zo. Washegari Lahadi na yafa gyale na tafi fada. Wani mai babbar riga a ƙofa, wanda ke shigar da baƙi, ya ce Yarima ya tafi unguwar Old Fadama, can ma ruwa ya yi ɓarna. Na ce a raina, lallai, can akwai taɓon da ya fi nawa kyau a hoto.

"Ranka ya daɗe, ba komai na zo roƙo ba," na ce. "Kalma ɗaya kawai. A aika wa Wasiu cewa fada ta yarda su ci gaba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "An san da maganarki. Yarima ya ce ɗakin yana hannunsa."

"Gobe za a tafi da mahaifina."

"Baiwar Allah, kina nufin Yarima ba zai cika maganarsa ba?"

Mutanen da ke zaune a rumfa duk suka juyo. Bakina ya cika da amsa, amma a unguwar nake sayar da koko, a unguwar kuma za a binne mu. Na ce a'a, ban ce ba. Na durƙusa na yi godiya, ina jin kamar in kurma ihu.

Na biya ta Islamiyya na gaya wa Baba ni kaɗai zan kwashe. Ya ɓata fuska. Shi da ke tsoron Kasoa kamar kabari, shi ne ya ce, "Kul. Ɗan sarki ya tsuguna gabana, ya riƙe hannuna a bainar jama'a. Kada ki ba shi kunya. Zai turo."

Ban ji maganarsa ba. Na ɗauki bokitin markaɗe da tsohon faranti na shiga ɗakin. Saman taɓon ya fara bushewa, ƙasansa kuwa yana riƙe ƙafa. Gadon ƙarfen Baba ya kafe a ciki, na ja har bayana ya amsa bai motsa ba. Ina fita da bokiti ina jin matan gida suna ƙus-ƙus, wai dubi marar godiya, an yi mata gata tana tona wa mutane asiri. Wasiu ya zo wucewa, ya tsaya a ƙofa, muka haɗa ido. Na ga yana so. Ya waiga hagu da dama, ya ce, "Sannu, Sista," ya wuce.

Bayan La'asar hadari ya sake haɗowa. Ba wani babban ruwa ba ne, amma ya ishe shi ya dawo mini da abin da na tara a tsakar gida, tunda ƙofar ɗakin a cire take. Na zauna a kan bokitin na yi kuka mai isata.

Ranar Litinin yara suka cika harabar Islamiyya da surutu, suna leƙen tsohon da ke kwance a ajinsu. Rauf ya iso da tasi. Ya leƙa ɗakin Baba sau ɗaya ya juya, da ma ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Aka naɗe katifar aka ɗaure a saman mota, hoton Yarima na kallon sama. Samarin Wasiu ne suka ɗauko Baba, wannan kam ba wanda ya hana su.

Mutane suka fito bakin hanya. Wata ta hango katifar ta ce, "Kun gani? Yarima ya turo mota!" Maganar ta bi layi, har aka fara tafi. Tsofaffin abokan Baba suka zagaye tagar motar suna ce masa sai ya dawo, yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan hanyar masallaci.

Direba ya tayar da mota. Baba ya yafito ni, na sunkuya.

"Muli, ki zauna kusa da gida, kada su zo aiki su tarar ba kowa. In Yarima ya tambaye ni, ki ce ban yi fushi ba. Da sun gama ki kira Rauf ya dawo da ni."

Na ce, "To, Baba."

Motar ta hau titi ta shige cikin tirotiro, motocin hayar da suka cika hanya. Baba ya juyo yana ɗaga mini hannu ta gilashin baya har suka sha kwana.